Shayin Baba Ba Suga

Shekarar da likita ya ce wa Baba ko ya bar suga ko ya bar ƙafarsa ta dama a asibiti, Inna ta naɗa ni ɗan sanda a kansa. A gida ba matsala, ta kulle gwangwanin suga. Matsalar ita ce Baba fataucin hatsi yake yi tsakanin Gusau da Tsafe da Bungudu, kuma kowane gari yana da teburin mai shayin da yake zama. Aikina in bi shi in riga shi magana.

A Gusau na yi wa mai shayi bayani dalla-dalla. Ya ce ya gane sarai, surukinsa ma haka yake fama. Ya zuba ruwan zafi, ya tuttula madara mai zaƙi rabin gwangwani, ya ɗora garin cakulan har cokali ya tsaya a tsaye, sannan ya shiƙa daga kofi zuwa kofi, hannu can sama kamar mai auna yadi. Da na yi magana sai ya nuna mini kwanon suga a rufe, ya ce in faɗa tsakani da Allah ko na ga ya taɓa shi. Ban gani ba. Baba kuwa ya shanye tas.

Na Tsafe ya fi ba ni haushi, don shi da gaske yake son taimako. Tun asuba yake dafa ganyen shayi da sugan a tukunya guda. Da ya ji labarin ƙafa sai ya tausaya, ya ɗauko rariya ya tace shayin a gabana, ya sake tacewa, ya leƙa rariyar, ya ce yanzu kam ya fita. Mutanen benci duk suka shaida. Wani ma ya ce ya ga fitarsa.

A mota na yi ta faɗa, Baba yana kallon gonaki. Gaskiya tsoro nake ji. Ni nake wanke masa miki a yatsan ƙafa kullum, na san yadda yake ƙin warkewa.

A Bungudu mai shayin wani dattijo ne, abokin cinikinsa tun kafin a haife ni. Shi kaɗai ya yi abin da na ce: ruwa, ganye, citta, shi ke nan. Baba ya kurɓa, ya ajiye kofin a hankali.

"Mi niy yi maka?" ya ce wa dattijon.

Ashe a teburin nan ba a ba mutum shayi ba suga sai in ana so ya tashi ya ba da wuri. Baba ya fara laluben takalmi. Dattijon ya zuba wani kofin daga buta guda, ya zauna kusa da shi, ya kurɓa. Fuskarsa ta yamutse kamar ya tauna maɗaci. Baba ya dube shi, ya ɗauki nasa kofin. Suka sha tare, suna zagina a hankali.

Daga nan Baba ya daina shan shayi ko'ina sai Bungudu. Mikin ya warke, ƙafar tana nan, da ita yake takawa zuwa tasha.

Bara na tambayi dattijon ko shi ma ciwon ne ya kama shi, ganin har yau haka yake sha.

"Lahiyata lau," ya ce. "Kuma har gobe ba ya da daɗi. Ba ni dai barin shi shi sha shi ɗai."