Ranar da Kaka Ta Gaida Dodo

Jiya ina wucewa ta wajen mai shayi na ji ana karkaɗa ƙwayar ludo a cikin gwangwani, sai na tsinci kaina na rage tafiya. Ƙarar ranar Lahadi ke nan a gidan hayar da na tashi a Sabon Gari, ta ɓangaren Chikaji, gidan da kowane ɗaki da yarensa amma a tsakar gida Hausa ake yi.

Kawuna, autan su mamata, yana karatu a Samaru a lokacin. In an tashi daga coci yakan hau bas ya zo cin tuwon Kaka, da takardu a aljihu, labaran zane na barkwanci da yake bugowa a shagon intanet. Ya karanta ya fassara mana, ya riga kowa dariya, mu kuma mu taya shi ko ba mu gane ba. A cikin zanen nan ne ya ga wasu sun kewaye tebur suna wani wasa, ya ce ai mu ma ba za a bar mu a baya ba.

Tebur dai babu, tabarma muke shimfiɗawa a gindin gwaba. Kawu ke riƙe da labari, kowannenmu kuma ya zaɓi wanda zai zama a ciki. Ni maharbiya ce. Ɗan maƙwabcinmu kullum soja ne, wai daga barikin Basawa aka turo shi. In ka ce za ka tsallake rafi sai ka jefa ƙwaya: ta ba da babba ka haye, ta ba da ƙarama ka faɗa ruwa a yi ta yi maka dariya har magariba. Damina guda muka yi muna tafiya a dajin Kawu, muna neman dodon da ya tare gadar shiga gari. Ban taɓa son wani abu kamar yadda na so wasan nan ba.

Ranar da za mu isa gadar ne Kaka ta ce an gama. Wata maƙwabciya ta tsegunta mata cewa jikokinta sun koyi caca, ita kuma dama tana da nata ƙorafin: tatsuniya da rana tsaka ɓatar da yaro take yi a hanya, haka ta tashi ta ji, haka ta rene mu. Kawu ya lallaɓa ta, ya ce ta zauna ta ga na yau kawai, in ta ga caca ta jefa ƙwayar a masai da hannunta. Ta jawo kujera, ta ɗora faifan wake a cinya, fuskar nan a ɗaure.

Muka afka wa dodo. Kibiyata ta kuskure, bindigar soja ta ƙi tashi, duk wanda ya jefa sai ɗaya ko biyu. Hawaye ya cika mini ido, ga wasa zai ƙare, ga shi zai ƙare muna kwance a ƙasa. Sai Kaka ta ɗago daga tsintar wakenta.

"Wai a cikinku wa ya gaishe shi?" in ji ta. "Kun tarar da babba a wurinsa, ba sallama ba gaisuwa, sai harbi?"

Ta ce wa Kawu ya sa ta a ciki, ita tsohuwa ce mai tallan daddawa. Ta gyara zama ta fuskanci bishiyar gwaba kamar ita ce dodon, ta soma: ina wuni, ina gajiya, ya damina, ya iyali. Kawu bai tanadar wa dodo iyali ba, dole ya ƙirƙiro nan take yana in'ina. Ashe dodo ciwon baya ke damunsa, 'ya'yansa kuma sun watse. Kaka ta jajanta masa, ta ce ita ma nata autan sai ranar tuwo take ganinsa. Daga nan ta roƙe shi ya ɗan gusa yara su wuce.

Kawu ya miƙa mata gwangwani, ya ce sai ta jefa a ga ko dodo zai yarda. Ta ture hannunsa.

"Ba a jefa ƙwaya a kan gaisuwa."

Dodo ya gusa, muka haye gada muna tsalle a kan tabarma. Kafin a kwashe tuwo Kaka ta yanke hukunci: tunda ba mai sa ko kwabo, ba caca ba ce, kuma labarin da mai ba da shi ma bai san ƙarshensa ba ai ba tatsuniya ba ce. Daga ranar kowace Lahadi da mai daddawa ake tafiya, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa ƙwayar ba.

Yanzu ɗana a waya yake irin wasan, da abokan da bai taɓa ganin fuskarsu ba, kuma yana jin daɗinsa, ban hana shi ba. Kwanaki na leƙa na ga ya tasa wani ƙaton dodo a gaba yana sara. Na tambaye shi ko ana iya gaishe shi. Ya duba, ya ce babu wurin dannawa na wannan. Ni dai dodon ya ba ni tausayi.