Bijimin da Na Sawo da Hankali Tsantsa

Shekarar da na gama aji biyu a jami'a ina karatun falsafa, na dawo gida Mairuwa bakina fal da magana. Na riƙe cewa hankali shi kaɗai ya isa ya gano darajar kowane abu, ba sai ido ya gani ko hannu ya taɓa ba. Har Baba sai da na tare shi da zancen yana cin tuwo. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce in miƙo mashi ruwa.

Ana gab da faɗuwar damina ɗaya daga cikin shanun huɗarmu ya mutu, Baba kuma ƙafa ta kumbura, ko ƙofar gida ba ya kaiwa. Sa guda ba ya jan garma. In ba a samo mashi abokin aiki ba, masarar bana sai dai mu gan ta a gonar maƙwabta. Na ce ni zan je kasuwar 'Yankara. Baba ya fara cewa, "In ka je, ka duba wuyan..." Na katse shi, na ce ai na gama warware matsalar a kaina: huɗa ƙarfi take so, ƙarfi yana ga girma, don haka mafi girman sa shi ne mafi daraja. Kai, ranar har tausayin waɗanda ba su yi boko ba na ji!

Na zaɓi wani farin bijimi mai tozo kamar tulu. Dillalin ya ce, "Na dama kake nema ko na hagu?" Na ɗauka tsokana ce, na ce mai ƙarfi nake nema.

Ashe san huɗa gefen da aka hore shi a karkiya kawai ya sani. Namu na dama ne. Wanda na sawo ma na dama ne. Ruwa ya sauka, muka ɗaura su, ina riƙe da garma. Wannan ya turo, wancan ya turo, kowa na neman gefensa. Kunya uku na yi, duk sun lanƙwashe kamar lauje, ta ƙarshen ma a gonar gyaɗar maƙwabcinmu ta ƙare. Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige.

Aka kawo Baba a bayan babur. Bai yi faɗa ba, kuma na fi son a ce ya yi. Ya kama hannuna ya ɗora a wuyan bijimin, na ji kantar da karkiya ta bari, gefe ɗaya ta fi kauri.

Don in fanshi kaina na ce, "To ai Baba, kai ma da hankali ka gane gefen daga kantar."

Ya ce, "Ƙwarai kau. Amma sai da na taɓa."

Sai da kasuwa ta zagayo aka musanya shi, muka yi shuka bayan kowa. Kunyoyin nan uku kuwa Baba ya hana a gyara, ga su a bakin hanya. Duk wanda ya tambaya sai ya ce aikin ɗan jami'a ne.

Daga ranar, duk shawarar da na nema wurinsa sai ya ce, "Ka duba wuyan..." ya yi shiru yana kallona, yana jiran in katse shi. Har ya rasu bai ƙarasa mani maganar ba, kuma yau ita nake kewa.