Metir Zakiyya da Damin Aro

Shekara goma sha bakwai Metir Zakiyya Adam ta yi tana aikin lauya a Yamai. Can da kaye, littafin rubutu, aka san ta. Duk wanda ya shigo bironta, wato ofishinta, kafin ya gama sallama ta buɗe shafi, alƙalamin bik yana gudu. Abokan aikinta kan ce ko tari ka yi a gabanta sai ta rubuta ƙarfe nawa ka yi shi.

Sai aka yi wa mijinta Mahamud canjin wurin aiki zuwa Damagaram, garin da aka haife su su biyun. Ta tattara ta biyo shi. Wata biyar tana zaune a gidansu na Birni, ba dosiyen shari'a ko ɗaya, sai karɓar ƴan sannu da zuwa.

"Ke da kullum kike kukan gajiya, ga hutu Allah ya kawo," in ji Mahamud.

"Hutun ya ishe ni. Jiya faɗan kajin maƙwabta na raba, kuma sai da na saurari kowane ɓangare."

Ta zagaya wurare, ko'ina sai a ce a bar lambar waya. Ƙofa ɗaya ta rage, biron Metir Sallau da ke Zango. Dattijo ne, idonsa ya fara rauni, yana neman wanda zai kama masa aiki. Masu zuwa wurinsa galibi manoma ne daga Dakusa da Guna da Mirriya. An ce lauyoyi biyu sun gwada, ya sallame su da godiya.

Ta miƙa masa takardunta. Ya auna su a tafin hannu.

"Da nauyi kam, Metir. Sai dai idona ya daina karanta ƙananan baƙaƙe. Kin ga tsohuwar can a rumfa? Hajjo ce, daga Dakusa. Gonarta ake son ƙwacewa, kuma ba ta da takarda ko ɗaya. Je ki ji ta. In kin kawo min abin da za mu tsaya da shi gaban alƙali, kujerar can taki ce."

Zakiyya ta shigo da tsohuwar, ta zaunar da ita, ta buɗe kaye.

"Inna, sunanki da na mahaifinki?"

Hajjo ta dubi bik ɗin. "Hajjo."

"Wa ke son karɓe gonar?"

"Wace gona? Ai mu lafiya lau muke."

"To me ya kawo ki?"

"Gaisuwa na zo yi."

Ta gyara mayafi ta fita abinta. Metir Sallau ya yi dariya har da share hawaye.

"Baba Metir, wallahi ban ce mata komai ba!"

"Bik ɗinki ya ce. Mutanen nan a wurin jandarma suka saba ganin ana rubuta suna, kuma duk sunan da aka rubuta, kira na biye. Wanda ke mata wannan abu ƙanin mijinta ne. Kina jin za ta yarda a ce ita ta sa aka rubuta shi? Ni sai sun tafi nake rubutu." Ya tura mata takardunta. "Gobe da hantsi za ta koma Dakusa. Tana gidan ƴarta a unguwar Garin Malam."

Bayan la'asar Zakiyya ta tafi, ba jaka ba komai. Ta tarar da Hajjo a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Ta tuɓe takalmi, ta zauna gefen tabarma, ta ɗebi gyaɗar ita ma. Ta farko ta yi tsalle ta faɗa cikin ƙasa.

"Hannun nan bai san gyaɗa ba," in ji Hajjo.

"Ya sani, Inna, mantawa ya yi. Kakata ƴar Guna ce."

"Allah sarki. Da tana nan da ta ji kunya. Matsa bakin, ba cikin ba."

Suka yi ta hira. Ruwan bana, tsutsar da ta shiga gero, jikan da ya ƙi yaye. Yatsun Zakiyya suna ta ƙaiƙayin bik, ta danne su da gyaɗa. Sai da ƙwarya ta kusa cika sannan maganar ta fito da kanta. Shekara goma sha biyu ke nan da mijin Hajjo ya rasu ya bar ta da yara ƙanana. Ta ara wa ƙaninsa Ɗanƙarami gonar ya riƙa nomawa. Yanzu babban ɗanta ya kawo ƙarfi yana son noma, Ɗanƙarami ya ce ai tun wansa na da rai ya sayar masa.

"Ni ba gonar ce ma ta fi min ciwo ba," in ji Hajjo. "Bana ko damin bai aiko ba."

"Wane dami, Inna?"

"Kai, ƴar nan, da gaske Yamai ta cinye ki. Damin aro mana! A wajenmu wanda ya ari gona, in kaka ta yi, sai ya kai wa mai ita damin gero, don kowa ya san ba tasa ba ce. Kaka goma sha ɗaya yana aikowa a amalanken Suma'ila, a sauke ƙofar gidana. Har matar liman nake ɗibar wa."

Zakiyya ta tsaya da gyaɗa a hannu. "Wanda ya sayi gona yana kai dami?"

"Ya kai wa wa? Hauka yake?"

A kan kabu-kabu duk hanya tana maimaitawa a ƙasan murya: Suma'ila, matar liman, goma sha ɗaya. Mai babur ya ɗauka addu'a take, ya riƙa cewa amin.

Da sassafe ta tsaya gaban Metir Sallau ta zayyana masa duka.

"Ikon Allah. Kwana biyu tana zuwa, ba ta taɓa ce min dami ba."

"Ai ba ka ɓare mata gyaɗa ba, Baba Metir."

"To, sai mu rubuta ƙara."

"A'a, tukuna. Mu fara kai Suma'ila gaban mai gari, a kira Ɗanƙarami a zauna. In ya ji mai amalanke ya ƙirga masa kaka goma sha ɗaya a bainar jama'a, ba na jin zai so a je gaba. Inna ta sami gonarta, ba a rubuta sunan kowa ba. In ya ƙi, sannan a zo fagen da na fi sani."

Dattijon ya kaɗa kai. Can ya nuna kujerar da sanda.

"Ƙafarta ɗaya na rawa, ki sa mata dutse. Amma ba yau za ki zauna ba. Yi sauri, motar Dakusa ba ta jiran lauya."

Ta isa tasha motar ta cika maƙil, direba na shirin tashi. Hajjo ta hango ta ta taga, ta zunguri matar da ke gefenta da gwiwar hannu.

"Matsa mata, baiwar Allah. Lauyata ce."