Fitilun Ɗantsoho

Ɗantsoho mai gyaran rediyo ne a bakin kasuwar Magarya. A Damagaram ya koyo aikin lantarki, ya dawo da ƙonannen yatsa da son fitila wanda ba shi da magani.

Shekarar da aka fita daga babban fari, aka ba shi aikin ƙawata filin taro don bikin ƙasa. Ya kakkafa azara, ya ja waya, ya jera ƙwayayen fitila layi-layi har ido ba ya iya ƙirgawa, ya haɗa su da injin wuta na aro. Abin kunna su da hannunsa ya ƙera: gwangwanin madara mai ƙusoshi, injin tsohon garmaho yana juya shi. Duk ƙusar da ta shafi ƙarfe, layinta ya kama.

Yana cikin ɗauri sai wata tsohuwa mai daddawa, Hinda, ta tsaya. Ɗanta Kyari ya yi kudu da shanu tun farkon fari, shiru har lokacin.

"Ɗana, bar mini guda da sunan Kyari."

"To, Inna. Ta ƙarshen can taki ce."

Da labari ya bazu, duk mai ɓataccen ɗan'uwa ya zo ya zaɓi tasa.

Aka yi biki, aka mayar da inji, fitilu suka zauna a rataye. Wata la'asar sai ta Kyari ta kama, jawur kamar garwashi. Ɗantsoho ya bi wayar da hannu har ƙarshe, ya tarar da bakinta kwance cikin rairayi, ba ta haɗe da komai. Ba a jima ba fatake suka kawo sandar Kyari da labarin rasuwarsa.

Daga nan kullum la'asar mutane kan taru a filin, kai a sama. Wasu biyu suka kama, kuma duka biyun saƙon rasuwa ya biyo baya.

Sa'a, matar Ɗantsoho, ta ce, "Malam, sauke su. Mutane sun daina cin abinci."

Ya sauke, mata suna roƙonsa ya bari. Wasu ƙwayayen da ɗumi ya same su. Ya zuba a buhu ya binne, ya rufe shago, ya koma ƙauyen Guci noman hatsi.

In aka tambaye shi, yakan ce, "Waya ce ta jiƙe." Alhali da rani abin ya faru.