Filin da Yaya Isuhu ya bai wa waya

Bana shekara bakwai ke nan da muka kai Yaya Isuhu makwancinsa a ƙauyenmu da ke kusa da Dogo. Duk shekara nakan bar gidana a Birni in je mu yi masa addu'a, in dawo zuciyata kwance. Bana kuwa na dawo kaina a ɗaure, shi ya sa na zauna rubutu, ko mai karatu zai hango abin da ni na kasa gani.

Shekara uku kafin rasuwarsa, ma'aikatan gwamnati suka zo suna haƙa dogon rami suna binne wayar intanet. Ramin ya ratsa gindin gonarsa, daidai inda gyaɗa ta fi yi. Maƙwabta suna ta ƙorafi, shi kuwa Yaya fura ya kai wa ma'aikatan. A lokacin 'yarsa Rakiya tana aure a Agadas, kuma duk mai son rezo, wato sabis na salula, a garinmu sai ya hau tudu ya ɗaga salula sama. Wani daga cikin ma'aikatan ya ce masa idan wayar nan ta fara aiki, daga kan tabarmarsa zai ga fuskar jikokinsa. Yaya bai iya ɓoye murna ba. Ranar Juma'a, ana sallamewa, ya miƙe gaban liman da jama'a ya ce faɗin taki goma, daga wannan ƙarshen gona zuwa wancan, ya bai wa gari sadaka saboda wayar, kada fartanya ta ƙara taɓa wurin. Ya dasa gamba a gefe biyu kamar yadda ake yi wa iyaka.

Na yi masa tsiya a ranar. Na ce mutane suna ba da fili don rijiya ko masallaci, shi ya bai wa igiya. Ya ce ni malamin lakwal ne, in ban da alli ban san komai ba.

Wayar tana aiki, haka muke ji. Sai dai ta ƙarƙashinmu take wucewa zuwa manyan garuruwa, ba a ja mana reshe ba. Yaya ya rasu yana jira.

Bara wani ɗan kasuwa ya kafa wani farin abu mai kama da allo a rufin shagonsa, ya fuskantar da shi sama. Daga tauraron ɗan'adam yake jawo intanet, kowa ya sayi tike ya shiga. Yanzu Yaya Zuwaira, matar marigayin, tana ganin jikokinta, har faɗa take yi wa Rakiya wai ta rame. Amma ran da mai shago ya tafi kasuwar wani gari, ko batirinsa ya mutu, ko kuka saɓa da shi, shi ke nan an koma hawan tudu. Ina ta tambayar kaina me Yaya zai ce. Mutum ne da ba ya son abin gari ya zama a hannun mutum ɗaya. Amma kuma fuskar yaran nan yake so ya gani, ga ta ta zo ta inda bai taɓa dubawa ba. Wallahi ban san ko murna zai yi ko haushi ba.

Abin da ya tayar da maganar shi ne Lawali, babban ɗansa, wanda gida ya dawo wuyansa. Hatsin bara bai kai su ko'ina ba, ga yara, ga uwa. Yana so ya shuka gyaɗa a filin, ya zo wurina tunda ni ne baffa. Muka je wa liman. Ya ce sadaka ba a janye ta, sannan ya ce amma sadakar da ba wanda ke ci shi ma bai san hukuncinta ba, mu tambayi masu wayar.

Na je buronsu, wato ofishinsu, a Zinder. Wani injiniya ya saurare ni har ƙarshe, ya ce wayar tana can ƙasa inda fartanya ba ta kaiwa, rijiya da dashen itace kawai aka hana. Ya dube ni ya ce, “Malam, wa ya ce masa kada ya noma?”

Ba kowa. Damina goma ƙasar nan tana kwance a kan abin da ba wanda ya nema. Na fito ban san dariya zan yi ko kuka ba.

Da na kai wa Yaya Zuwaira labarin, ba ta musa ko kalma ɗaya ba. Ta ce ta san yaran suna bukata. Sannan ta ce, “Shi wayar ƙasa ya jira. In kuka shuka, kun ce banza ya jira.”

Abin da na sani Yaya ya bari shi ne nauyin magana. Mutum ya faɗi magana sau ɗaya a masallaci, ko da bisa kuskure, gari duka ya riƙe ta bayan ransa, ko akuya ba wanda ya taɓa ɗaurewa a wurin. Irin wannan ba kowa ke barinsa ba. Amma jikokinsa na gida ba za su ci shi ba.

Da ruwan shuka ya sauka na ce wa Lawali ya shuka, in akwai laifi yana wuyana. Muka je tare. Ya tsaya a bakin filin da sungumi a hannu, ya daɗe, sannan ya miƙo mini.

“Baffa, kai ka fara sara.”

Na karɓa, na sara. Gyaɗar ta fito, ta yi kyau fiye da ta sauran gonar. Har yau ban san ko yaransa na rufa wa asiri ba ko amanarsa na ci. Yaya Zuwaira dai tun ranar ba ta ƙara amsa gaisuwata ba.