Garmahon Gwaggo

Gwaggona ta yi aikin ungozoma a likitar Magarya, asibitin garin, har ta ajiye. Da mijinta ya rasu, ya bar mata garmaho da tulin faya-faye a cikin wani tsohon akwatin ƙarfe. Injin yana juyawa lafiya lau, lasifikarsa ce kawai ɓeraye suka gama da ita. Duk zuwan da na yi gaishe ta sai ta yi mini zancen, har wata tafiya Kano na sayo amfili da manyan lasifika biyu.

Na haɗa wayoyi a falonta, na ɗora allura a kan faifai, muka zauna muna jira. Sauti ya fito, amma sai ka kusa manna kunne kafin ka ji. Na murɗa ƙara har ƙarshe, ba abin da ya ƙaru sai gurnani. Gwaggo ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Ɗana, mawaƙin nan rijiya ya faɗa ne?"

Ranar kasuwar Dungas na hau kabu-kabu zuwa rumfar wani abokina mai gyaran rediyo, tare muka yi karatun boko a lakwal da shi. Ya yi dariya, ya ce ai amfilina lafiyarsa ƙalau. Abin da allura take ɗaukowa daga faifai siriri ne ƙwarai, shi kuwa amfili aikinsa tura lasifika, ba ya iya kama abu mai rauni haka. Sai an sa wani ɗan akwati a tsakaninsu, fire-amfili, ya fara ɗaga sautin ya daidaita shi, sannan babban ya karɓa. Ya tono mini wani daga ƙarƙashin teburinsa, bai fi sabulun wanki girma ba, ya hure ƙurar ya miƙo mini.

Da na koma, kuran ya ɗauke, ba wutar lantarki, sai bayan la'asar ya dawo. Ina ɗora allura, kakaki da jita suka cika gidan, kaji suka watse a tsakar gida. Gwaggo ta goge ido da bakin mayafi. Ta ce da wannan waƙar aka buɗe rawar ma'aikata ranar da suka fara haɗuwa da mijinta, kuma marigayin bai iya rawa ba ko kaɗan, ƙafa ya yi ta taka mata.

Maƙwabciyarta ta leƙo tana tambayar ko biki ake yi. Gwaggo ta matsa mata a kan tabarma, ta ce in juya faifan.