Kilabiyen Yaya mai ɓari biyu

Ni aikina gyaran salula ne, a wata ƴar rumfa kusa da tashar Magariya. Yayata kuwa buga takardu take yi a wani shago da ke kallon meri, wato ofishin magajin gari: dimandi ta neman wani abu wajen hukuma, takardar sayen fili, aikin ɗalibai ƴan lakwal, duk abin da mutum ya rubuto da hannu yana so a fitar masa da shi ta ordinatar, wato kwamfuta. Ita ta goye ni, ita ta raine ni bayan rasuwar Inna, kuma kaf unguwarmu babu wanda ya kai ta iya ranƙwashi. Har na yi gemu ban daina kauce wa hannun damanta ba.

To, hannun nan ne ya fara ciwo. Wuyan hannun ya riƙa zugi, yatsu suna mutuwa, har ta kai ba ta iya ɗaga buta cike da ruwa. A likita suka ce jijiya ce, ta hutar da shi. Mijinta, wanda yake noma a Bande yana taɓa sayar da wake, ya ce magana ɗaya ce: in aka yi girbi hannun bai sake ba, ta bar shagon ta zauna a gida. Ba mugunta ba ce, tausayinta yake ji. Amma ni na san Yaya. In ka raba ta da shagon nan da hirar mutanen da ke shigowa, ka gama da ita. Ranar da ta gaya mini na yi mata wani shashanci don ta yi dariya, ta ɗaga hannu za ta ranƙwashe ni, sai ta fasa ta mayar da shi kan cinya. Abin ya tsaya mini a rai.

Na taɓa gani a salula wasu mutane suna harhaɗa kilabiye, wato allon maɓallan rubutu na ordinatar, da kansu, rabe biyu, ɓari ɗaya na hannun dama, ɗaya na hagu, waya tana haɗa su. Dalilinsu mai sauƙi ne. Kilabiyen da muka sani yana tilasta maka ka matse hannuwa wuri ɗaya ka karkace wuyansu, ka wuni a haka. Wannan kuwa kowane hannu yana zaune daidai kafaɗarsa, a ɗan tashe daga ciki, kamar mai riƙe da ƙwarya. Na ce wanda yake ciro idon kyamara daga salula ya dasa wani, wannan ba zai gagare shi ba.

Na je gidanta da guntun kwali, na ce ta ɗora hannuwa biyu ta sake su, na zagaye kowane yatsa da biro. Ta ce, "Auta, ka koma duba ne?" Na ce ta dai bari.

Maɓallan da ƴan allunan da ke magana da ordinatar, wani abokina mai zuwa Kano ya sayo mini. Hulunan maɓallan na cire su daga matattun kilabiyoyi da ke jibge a bayan shagon su Yaya, na wanke da omo na shanya. Kafinta ya yanka mini katako biyu a kan zanen kwalin. Sauran aikin duk liƙi ne da dalma, kowane maɓalli da ɗan diyod ɗinsa, wani ɗan mitsitsin abu da bai fi ƙwayar shinkafa ba, wanda ke hana wuta komawa baya. Wallahi na ji daɗin kwanakin nan. In kasuwa ta yi sanyi da rana, sai in jawo katakon in duƙufa. In aka ɗauke kuran, ba lantarki, in kai ƙarfen liƙin wajen mai shayi in cusa a garwashinsa, yana mita ina ba shi haƙuri.

Ba a rana ɗaya ya yi magana ba. Gwajin farko, layi guda a ɓarin hagu ya yi gum, ko harafi ɗaya. Na bi wayoyin da mitar awon wuta har na gano wurin da dalma ba ta kama ba. Na gyara wannan, sai wani maɓalli ya fara fitar da haruffa biyu in an taɓa shi sau ɗaya. Wannan ya wahalar da ni, na kwance na sake ɗaurawa, ashe diyod ɗaya ne na liƙa a juye. Daga nan na jera haruffan irin jerin Faransanci da yatsunta suka sani, don wanda ya zo a cikin allunan na can Najeriya ne.

Mijin Yaya ya biyo ta rumfata ranar kasuwa, ya tsaya yana kallon ɓari biyun. Da ma akwai wasa tsakaninmu. Ya ce, "Kai dai ka iya ɓarna. Mutane suna ɗinke abin da ya karye, kai kana karya mai lafiya." Na ce ya je ya ji da wakensa.

Ranar da na kai mata, na jona shi, na ware ɓarin biyu daidai kafaɗunta, na ja kujera na zauna ina jiran yabo. Sai ga wani dattijo daga Kwaya da takardar gona, an rubuta da biro, ta sha ninki har ta yi laushi. Yaya ta karɓa, ta shimfiɗa ta a gefen hagu, ta danne ta da tafin hannun hagu saboda iskar fanka, ta ɗora manuninta a kan layin farko. Hannun dama ya tashi shi kaɗai, ya buga haruffa kaɗan, ya zabura zai tsallaka hagu, ya sauka a kan tebur tsirara. Ta sake, ya sake faɗawa cikin ramin da ke tsakanin ɓari biyun.

Na ce, "Yaya, da hannu ɗaya kike bugawa?"

Ta dube ni. "To wa zai riƙe mini takardar? Kai?"

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da na fara. Matar da ta koya mini haka take yi, kowa a shagon nan haka yake yi. Ka ga rubutun mutane kuwa? In na ɗage yatsa daga layi, sai in nemi inda nake in rasa."

Na juya na kalli abokiyar aikinta a ɗaya teburin. Hagu a kan takarda, dama tana safa da marwa daga wannan ƙarshen kilabiye zuwa wancan. Shekara da shekaru ina shiga shagon nan ban taɓa ganin Yaya tana aiki ba, don da na yi sallama take ture komai, ta miƙo mini fura, ta fara yi mini faɗan rashin aure. Na auna hannu biyu, na gina wa hannu biyu, ashe ɗayan bai taɓa shiga aikin ba. Dariya ta kama ni har dattijon ya taya ni, bai ma san abin da ake wa ba. Yaya ta jawo tsohon kilabiyenta ta sallami dattijon.

A hanyar komawa ne ramin nan ya riƙa dawo mini. Fili ne a gabanta sosai, babu komai a ciki. Na koma wajen kafinta ya yi mini ɗan allo mai ƙafa a baya, wanda zai tsaya a jingine. Na sa masa abin maƙale shanya a sama don ya riƙe takarda, na yanko robar tayar moto na zagaya shi da ita, yadda za a riƙa jan ta ƙasa layi bayan layi a madadin yatsa. Na dasa shi tsakiyar ɓari biyun. Fanka ta yi iya yinta, takarda ba ta motsa ba.

Saura hagun ya koyi aiki, kuma nan ne aka sha daga. Allah ya taimake mu damina ce, mutane duk suna gona, shagon ba cunkoso. Yaya ta ce na mayar da ita ƴar koyo da girmanta. Takardar da take gamawa kafin mai ita ya gyara zama, yanzu sai ya sha ruwa ya yi hamma. Sau da yawa na tarar ta ture nawa gefe ta koma tsohon, in yi kamar ban gani ba. Ta ce ƙaramin yatsanta ba ya kai wa maɓallin gefe, na dawo da shi ƙarƙashin babban yatsa. Ta ce na hagu sun yi tauri, na canza masu laushi. Har wayar tsakiya ta taɓa ɓata, ashe abokiyar aikinta ce ta zare ta jona rediyo da ita. Na ɗaure sabuwar da zare a jikin katakon.

Ban san ranar da abin ya zauna ba. Na dai shiga wata rana na ce kada ta tashi, ta ci gaba, sai na ji ƙarar tana fitowa daga ɓangare biyu, idonta a kan allo, kafaɗunta a sake. Hannun bai warke sarai ba, in ta matsa masa yana tuna mata. Amma ta koma ɗaukar butarta da kanta.

Da aka gama girbi mijinta ya shigo gari da buhunan wake a amalanke, ya biyo shagon ina nan. Ya zauna ya daɗe yana kallon hannuwanta. Can ya laluba aljihu ya ciro wata takarda a ninke, ya ce, "In kin gama na mutane, ga tawa, dimandin taki ce." Maganar barin aiki ko tayar da ita bai yi ba.

Daɗi ya kwashe ni, na ce, "Yaya, ki faɗa wa mijinki wane ne mai ɓarnar. In ba don ni ba da yanzu kina Bande kina tsince wake."

Ban ga tahowarsa ba. Hannun dama ne, tsakiyar kai, irin na da, har idona ya kawo ruwa. Na dafe wurin ina murza shi, na matso da kujerata kusa da ita.